Ba a Kasuwar Yuli Ake Sayen Kofi Ba

Duk ranar 30 ga watan Yuni, idan ƙarfe 11 na dare ta yi, akwai wani teburin mai shayi a Samaru, ba nisa da ƙofar jami'a, inda za ka tarar da mu bakwai ko takwas mun duƙufa a kan wayoyinmu, shayi ya huce a kofi babu wanda ya kula da shi. Lokacin damina ne, sau da yawa ana yayyafi, mai shayin ya ja leda ya rufe burodinsa, mu kuma mun matsu a kan benci ɗaya a ƙarƙashin rumfar kwano. Wannan sa'a ita ce ƙarfe 6 na yamma a gabashin Amurka, kuma a daidai lokacin ne dokar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta ba ƙungiyoyi izinin fara zawarcin 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare da wasu ƙungiyoyin. Kafin a yi minti goma labarai sun fara zuba: wane ya koma gari kaza, shekara huɗu, dala miliyan kaza. A nan ne wani ƙaramin cikinmu yakan dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, wallahi in muka samu wannan, kofin bana namu ne."

Na daɗe ina jin wannan magana, ni ma na faɗe ta a shekarun baya, amma yanzu ba na yarda da ita. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen ragon layya ranar jajibiri ya san halin da mai saye yake shiga. Na kirki an riga an kwashe su, dillalai sun san ba ka da sauran lokaci, kuma duk wanda ka nuna da yatsa kuɗinsa ya ninka. Maƙwabcinka da ya turke nasa tun wata huɗu da suka wuce, yana ba shi dusa da harawa da kowar wake, ya san lafiyarsa da halinsa, kuma abin da ya kashe bai kai naka ba. Ba ina kwatanta mutane da dabbobi ba ne, halin kasuwar nake nufi. Kasuwar Yuli, wato wannan zawarcin 'yan wasa da ke kankama a watan Yuli, kasuwar jajibiri ce, tana da amfani ga wanda gidansa ya riga ya tsayu yana neman ciko ɗaya, amma wanda ya je can neman harsashin ƙungiya ya makara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga masu kallon ƙwallon ƙafa, waɗanda su ne mafi yawa a garin nan, akwai buƙatar ɗan bayani, domin tsarin ya bambanta da na Turai. A NBA ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya kamar yadda Real Madrid ko Chelsea suke yi. Hanyoyin samun ɗan wasa uku ne: ko a ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk watan Yuni, inda ƙungiyoyin da suka fi shan kashi suke samun damar zaɓe da wuri, ko a yi musaya da wata ƙungiya, ko kuma a jira kwantiraginsa ya ƙare a yi zawarcinsa. Kowace ƙungiya tana da gurbin 'yan wasa 15, da ƙarin 3 masu kai da komo tsakaninta da ƙaramar ƙungiyarta ta reno. Sannan akwai iyakar albashi da aka gindaya wa kowa, wadda ta kai kusan dala miliyan 140.6 a kakar 2024 zuwa 2025, ta haura zuwa kusan miliyan 154.6 a kakar da ta biyo baya. Su ma waɗanda kwantiraginsu ya ƙare iri biyu ne. Akwai wanda ya samu cikakken 'yanci, ya tafi inda ya ga dama, akwai kuma matashin da tsohuwar ƙungiyarsa take da haƙƙin biyan daidai abin da wata ta yi masa tayi cikin kwana ɗaya ko biyu, ta riƙe abinta.

Iyakar albashin ba katanga ba ce da ba a tsallakewa. Akwai ƙa'idar da ake kira da sunan Larry Bird, tsohon gwanin Boston, wadda ta ba ƙungiya damar wuce iyakar domin ta sabunta kwantiragin ɗan wasan da ya shekara uku a hannunta. Wannan ƙa'ida ita ce zuciyar al'amarin, domin tana nufin dokar kanta tana fifita wanda ya reni nasa a kan wanda ya zo neman na wani. Ƙungiyar da ta riga ta cika iyakarta ba ta da abin zawarcin baƙo sai wani matsakaicin kaso, wanda ya kai kusan dala miliyan 13 a kakar 2024 zuwa 2025 da kusan miliyan 14 a wadda ta biyo baya, ko mafi ƙarancin albashi. Babban tauraro kuwa yana iya ɗaukar kashi 25, ko 30, ko 35 cikin 100 na iyakar baki ɗaya, gwargwadon shekarunsa a gasar. Idan ka tara irinsu uku, sauran mutum 12 za su raba ɗan abin da ya rage a ƙasan tukunya.

Mu 'yan Zariya muna da dalilin da ya sa wannan batu ya shafe mu fiye da sauran garuruwa. Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, a garin nan ya tashi, a nan ya fara riƙe ƙwallon kwando, a zamanin da koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da wasan a Jami'ar Ahmadu Bello, yake horar da yaran Samaru da kewaye. Masai bai taɓa buga wasa a NBA ba. Ya shiga ta ƙofar baya, a matsayin mai zaƙulo 'yan wasa ga Orlando Magic ba tare da albashi ba, daga nan ya koma Denver, har ya zama shugaban harkokin wasanta a 2010, aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na shekara a 2013, kuma a wannan shekarar ya karɓi ragamar Toronto Raptors. Saboda shi ne rabin teburin mai shayinmu suke goyon bayan wata ƙungiya ta Kanada, ƙasar da babu ɗayanmu da ya taɓa taka ta. Kuma ƙungiyar da ya haɗa ta ci kofi a 2019 ita ce hujjata ta farko.

A duba 'yan wasan da suka ɗauki wannan kofi ɗaya bayan ɗaya. Pascal Siakam, ɗan Kamaru, shi ne na 27 a zaɓen 2016. Fred VanVleet babu ƙungiyar da ta ɗauke shi a zaɓen wannan shekarar, duk ƙungiyoyi 30 sun wuce shi, Toronto ta kira shi gwaji. Norman Powell na 46 ne a 2015. OG Anunoby, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, na 23 ne a 2017, kodayake tiyatar da aka yi masa ta hana shi buga wasannin fidda gwani na wannan shekara. Kyle Lowry da Serge Ibaka da Marc Gasol da Danny Green duk ta hanyar musaya suka zo, kuma babu ɗayansu da aka zaɓa cikin 20 na farko a shekararsa, Gasol ma na 48 ne. A cikin manyan 'yan wasan ƙungiyar babu ko ɗaya da aka ɗauka cikin 14 na farko, babu kuma babban tauraron da aka saya a kasuwar Yuli. Siakam da VanVleet sun yi zaman reno a ƙaramar ƙungiyar Raptors 905, wadda ta ci kofin ƙaramar gasar a 2017, Siakam ne ma gwarzon wasannin ƙarshe. Abin da ya haɗa wannan ƙungiya shi ne ido da haƙuri, ido na gane abin da yaro zai zama nan da shekara uku, da haƙurin barinsa ya yi kuskure a fili har ya gyaru.

Sai da wannan gida ya tsayu ne Masai ya yi kasadarsa. Cleveland ta LeBron James ta fitar da Toronto shekara uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, duk da cewa a ta ƙarshen Toronto ta ci wasa 59 cikin 82. Masai ya sallami koci Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon kociyoyi, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse, sannan a Yulin 2018 ya miƙa DeMar DeRozan, mutumin da ya shekara tara a garin kuma yake son garin da zuciya ɗaya, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio. Kawhi wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta gabata, shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa, kuma kowa ya san hankalinsa yana Kalifoniya. Na ji zafin tafiyar DeRozan, har yau ina ganin an yi masa abin da ba shi da daɗi. Amma ba zan manta daren 12 ga Mayun 2019 ba, cikin azumi, muna cunkushe a wani ɗaki a Hanwa gaban talabijin ɗaya, janareta yana ƙara a waje. Wasa na bakwai da Philadelphia, wato na ƙarshe mai raba gardama a karawarsu ta fidda gwani, maki 90 da 90, Kawhi ya kai ƙwallo kusurwar dama ya ɗaga ta sama da hannun Joel Embiid, ta daki bakin kwando sau huɗu kafin ta faɗa. A tsakanin dukan farko da na huɗu babu wanda ya yi numfashi a ɗakin, wani dattijo da ya leƙo don ya ce mu rage murya shi ma ya tsaya da labule a hannunsa. Daga nan muka zarce sahur babu wanda ya runtsa. Wata ɗaya bayan haka suka doke Golden State a wasa na shida. Gaskiya ne raunin Kevin Durant da na Klay Thompson sun taimaka, amma ƙungiyar da ba ta shirya ba ko an buɗe mata ƙofa ba ta shiga.

Makonni kaɗan bayan bikin, Kawhi ya tafi LA Clippers a kasuwar Yuli, kuma abin da ya biyo baya shi ne hujjata ta biyu. Domin ya amince ya zo, Clippers ta nemo masa Paul George daga Oklahoma City, ta biya da wani matashi ɗan Kanada mai suna Shai Gilgeous-Alexander, da Danilo Gallinari, da damar zaɓen sababbin 'yan wasa a zagayen farko har 5, da ikon musayar gurbi a wasu 2. A daren nan duniya ta ce Clippers ce ta ci kasuwa. Shekara biyar Kawhi da George suka yi tare, mafi nisan da suka kai shi ne wasan ƙarshe na yankin yamma a 2021, raunuka suka yi ta cin su, George ya koma Philadelphia a 2024 ba tare da Clippers ta samu ko da ɗan wasa ɗaya a madadinsa ba. Shi kuwa yaron da aka bayar a matsayin gyara, shi ne ya zama gwarzon gasar a 2025, ya jagoranci Oklahoma City ta ci wasa 68, ta doke Indiana a wasa na bakwai ta ɗauki kofi. Jalen Williams, na biyunsa a ƙungiyar, da ɗaya daga cikin damar zaɓen da Clippers ta bayar aka ɗauko shi a 2022. Luguentz Dort, mai tsare musu manyan abokan hamayya, shi ma kamar VanVleet babu wanda ya zaɓe shi a 2019.

To ina amfanin kasuwar ke nan? Ita Oklahoma City ɗin ce ta nuna shi. A 2024 Dallas ta fitar da ita a zagaye na biyu, kuma duk mai ido ya ga inda ruwa yake shiga: idan ƙwallo ta daki kwando ta dawo, abokan hamayya ne suke cafkewa, domin ɗan tsakiyarta Chet Holmgren dogo ne amma ba shi da jikin ture manya. Shugabanta Sam Presti bai je neman mai suna ba. Ya miƙa Josh Giddey ga Chicago ya karɓo Alex Caruso, mai tsaron da ba ya gajiya, sannan a kasuwar Yuli ya ba Isaiah Hartenstein dala miliyan 87 na shekara uku. Hartenstein ba tauraro ba ne, aikinsa shi ne cafke ƙwallon da ta dawo, da tare wa abokinsa hanya da ƙirji, da miƙa ƙwallo ga wanda ya kutso. New York ta so riƙe shi, amma da yake shekara biyu kawai ya yi a wurinta, doka ba ta ba ta damar kai wannan farashi ba. Mutane da yawa sun ce an yi tsada. Ni ina ganin wanda ya san ramin da yake son cikewa, ya auna faɗinsa da zurfinsa, ya sayi abin da ya dace da shi, ko ya biya fiye da kima bai yi asara ba. Haka Denver ta yi a 2022 da ta ɗauki Bruce Brown a kan kusan dala miliyan 13 na shekara biyu, ta ɗora shi a kan ginin da ta yi da Nikola Jokic, wanda shi kansa na 41 ne a zaɓen 2014, suka ci kofin 2023.

A teburin mai shayi ba a barina na wuce nan ba tare da an tare ni ba. Za a ce, "Malam, to LeBron fa da ya koma Miami a 2010 suka ci kofi biyu? Durant fa da ya koma Golden State a 2016? Shaquille O'Neal fa da ya koma Lakers ta Los Anjalis a 1996?" Duk gaskiya ne, kuma ba na musun cewa idan ɗaya daga cikin gwanaye biyar na duniya ya ƙwanƙwasa maka ƙofa, buɗewa za ka yi. Amma a lura da gidan da kowannensu ya shiga. LeBron ya tarar da Dwyane Wade, wanda Miami ta zaɓa a 2003 kuma ya riga ya ci mata kofi a 2006. Durant ya tarar da ƙungiyar da ta ci wasa 73 cikin 82, wadda Stephen Curry da Klay Thompson da Draymond Green, duk renon gida, suka tsayar. Kuma bai samu gurbin shiga ba sai don abu biyu da suka haɗu: kuɗin sabuwar yarjejeniyar talabijin ya ɗaga iyakar albashi daga dala miliyan 70 zuwa kusan 94 a shekara ɗaya, sannan Curry yana kan tsohon kwantiragin miliyan 44 na shekara huɗu da ya sa wa hannu lokacin da idon sahunsa yake ba shi wahala. Bayan haka, Miami da Los Anjalis garuruwa ne masu rana da teku da suna. Toronto gari ne mai tsananin sanyi a wata ƙasa dabam, mai haraji mai nauyi, kuma tarihi ya nuna manyan taurarin Amurka ba sa zaɓenta da kansu. Ƙungiyoyin da suke cikin irin wannan hali su ne mafi yawa a gasar.

Wannan shekarar ta 2016 da ta kai Durant Golden State ita ce kuma ta nuna yadda kuɗi a hannu yake sa a yi wa rogo kallon kitse. Lakers ta ba Timofey Mozgov dala miliyan 64, ta ba Luol Deng miliyan 72, New York ta ba Joakim Noah miliyan 72, kowannensu shekara huɗu. Shekara ɗaya kacal Lakers ta yi ta nemi hanyar rabuwa da Mozgov, sai da ta haɗa da matashinta D'Angelo Russell kafin Brooklyn ta karɓa. Deng kuwa, mutumin da nake girmamawa ƙwarai saboda yadda ya ɗaga ƙwallon kwandon Sudan ta Kudu har ta kai gasar Olamfik ta 2024, wasa ɗaya ya buga a kakarsa ta biyu, kuma Lakers ta ci gaba da biyansa shekaru bayan ya bar ta. Laifin ba na 'yan wasan ba ne, an yi musu tayi sun karɓa. Brooklyn ta tara Durant da Kyrie Irving a 2019, ta ƙara James Harden a 2021, su ukun wasa 16 kawai suka buga tare. Phoenix ta tara Durant da Devin Booker da Bradley Beal, Minnesota ta share ta a zagayen farko a 2024 ba tare da ta ci ko wasa ɗaya ba, a shekara mai zuwa ko wasannin fidda gwani ba ta shiga ba.

Yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙara tsuke hanyar. Da can attajirin mai ƙungiya yana iya wuce iyaka ya biya tara ya ci gaba da sayayya. Yanzu an kafa shinge biyu a saman layin tarar, kuma wanda ya tsallake na biyu, wanda ya kai kusan dala miliyan 189 a kakar 2024 zuwa 2025, an ɗaure masa hannu: ba shi da matsakaicin kason zawarci, ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya karɓo mai tsada ɗaya ba, ba zai cika musaya da tsabar kuɗi ba, kuma ana ƙulle masa damar zaɓensa ta zagayen farko a zaɓen da za a yi nan da shekara bakwai. Boston da ta ci kofin 2024, da Jayson Tatum ya tsinke agararsa a Mayun 2025, sai a ƙarshen Yuni ta amince ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis cikin 'yan kwanaki don ta sauko ƙasan shingen. Ga shi kuma manyan taurari yanzu ba sa bari kwantiraginsu ya ƙare, sukan tsawaita shi tun da wuri, in sun gaji su nemi a yi musayarsu. Saboda haka kasuwar Yuli ta zama ta matsakaitan 'yan wasa, kuma ƙungiyar da take da matasa uku ko huɗu masu ƙaramin albashi da suke iya tsayawa a fili ta fi mai tauraro na uku kwanciyar hankali.

Da za a tambaye ni wa ya kamata ƙungiya irin Toronto ta nema, ba zan fara da suna ba, zan fara da tambayar wane ne ginshiƙinta, kuma me yake buƙata a gefensa. Ginshiƙin shi ne Scottie Barnes, wanda Masai ya zaɓa na 4 a 2021 lokacin da yawancin masana suke sa ran zai ɗauki wani, ya kuma zama gwarzon sababbin 'yan wasa. Barnes mai kutsawa ne da rarraba ƙwallo, kuma irin wannan ɗan wasa ba ya sakewa sai in masu tsaro suna tsoron barin abokansa a bakin layin maki uku. Don haka mutumin da zan fara bi shi ne dogon ɗan gefe mai shekara 25 zuwa 28, wanda zai tsare mutum biyu ko uku mabambanta, ya jefa daga kusurwa ba tare da jinkiri ba, kuma ba zai ɓata rai ba idan aka yi minti biyar ƙwallo ba ta zo hannunsa ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ba ya fitowa a takardar ƙididdiga, sai an tambayi kociyoyin da suka zauna da shi. Bayansa zan nemi dogon tsakiya na benci mai ƙarfin ƙirji, wanda zai riƙe minti 15 ba tare da ƙungiya ta zube ba. In akwai sauran gurbi, zan ba dattijo ɗaya mafi ƙarancin albashi, mutumin da ya taɓa buga wasa na bakwai, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma matasa sun fi jin maganar wanda suke canza kaya tare da shi fiye da ta koci.

Wanda zan guje wa shi ne mai yawan maki da ya haura shekara 30, yana da tarihin ciwon gwiwa, yana kuma neman shekara huɗu. Zan kuma yi hattara da wanda bai taɓa haskakawa ba sai a shekarar ƙarshe ta kwantiraginsa. A ganina tsawon kwantiragi ya fi yawan kuɗinsa haɗari, domin tsada ta shekara biyu ana jure ta ko a yi musaya da ita, amma ta shekara huɗu tana cin dama bayan dama. Masai kansa ya ɗanɗana wannan. A 2015 ya ba DeMarre Carroll dala miliyan 60 na shekara huɗu, rauni ya hana shi zama abin da aka zata, kuma a 2017 sai da Toronto ta haɗa da damar zaɓe biyu kafin Brooklyn ta karɓe shi. Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wato riƙe naka har lokaci ya ƙure. VanVleet ya tafi Houston a 2023 a kan kusan dala miliyan 128 na shekara uku ba tare da Toronto ta samu komai ba, kuma sai bayan haka aka yi musayar Anunoby da Siakam a watannin ƙarshe na kwantiraginsu, lokacin da masu saye suka san mai kaya ya matsu. Ina ƙaunar Masai, na ji ciwon rabuwarsa da ƙungiyar a Yunin 2025, amma a waɗannan shekaru ya yi jinkiri, kuma na fi zaton ƙaunar yaran da ya rena ce ta riƙe masa hannu.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi haka shi ne na taɓa yin kuskuren da hannuna, a ƙaramin mataki. Muna da ƙungiyar unguwa da muke atisaye da yamma a wani fili mai siminti da ya tsattsage, kwandonsa ɗaya ya karkace, ragarsa igiyar shanya ce da wani cikinmu ya saƙa. Wata shekara aka shirya gasar unguwanni a lokacin hutu, ni ne mai riƙe da asusun. Na shawo kan 'yan uwana muka tara kuɗi muka ɗauko dogaye biyu daga Kaduna, muka biya musu kuɗin mota da masauki da ɗan abin sabulu. Domin a ba su gurbi, sai da aka zaunar da wani yaro ɗan shekara 17 wanda ya shekara guda bai fashi atisaye ba, mai zuwa a keke daga Tudun Wada, mai share fili kafin mu iso. Ba gwanin jifa ba ne, amma ya san inda kowannenmu yake son karɓar ƙwallo, kuma idan ya manne wa mutum ba ya sakinsa. Kocinmu ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan uwa, kana sakin reshe kana kama ganye." Ban ji ba.

Baƙin namu sun iya wasa, wannan babu shakka. Amma kowannensu yana son ƙwallo a hannunsa, ba su san sunayenmu ba balle alamun da muke yi wa juna, kuma idan aka ƙwace ƙwallo tafiya suke yi maimakon gudu. A wasa na biyu aka fitar da mu. Ina tuna yaron yana zaune a ƙarshen benci da robar ruwa a hannu, yana miƙa wa waɗanda suka karɓe masa gurbi duk lokacin da aka tafi hutu, bai ce uffan ba. Da aka tashi ya gaishe ni kamar kullum, ya ce, "Yaya, sai da safe," ya hau kekensa. Bai sake zuwa filinmu ba. Baƙin sun kama motar Kaduna a Kwangila tun kafin magariba.

Yanzu yana buga wa wata unguwa a Sabon Gari, ya ƙara tsawo, jifansa ya gyaru, kuma na je har gida na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Bana da aka zauna shirin gasar, wani ya sake kawo shawarar a ɗauko 'yan haya. Na ce a fara lissafa yaran da suke zuwa atisaye, aka samu 11, biyu daga cikinsu ba su kai shekara 16 ba. Muka duba muka ga abin da babu shi ne dogo mai cafke ƙwallon da ta dawo, sai muka amince a nemi mutum ɗaya tak, ɗalibi a Kongo wanda zai iya zuwa atisaye sau uku a mako tun wata biyu kafin gasar, da sharaɗin cewa daga benci zai fara. Sauran kuɗin mun ba mai walda ya miƙe kwandon da ya karkace, muka sayi ƙwallo biyu da buhun siminti uku.